Babban lagireto, na'urar sanyaya baƙin mai, ko gyara hanyar iska: wanne mai motar gudu zai fara kashe wa kuɗi?

Mai motar gudu irin su Nissan 370Z, Toyota 86, BMW 335i ko Mustang, da zarar ya ga allurar zafi ta fara ɗagawa bayan ya matsa wa mota na minti goma, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya sayo babban lagireton alminiyon. Wani lokaci hakan na yin magani. Sau da yawa kuma kuɗin ne kawai ke tafiya, zafin yana nan daram, domin ba lagireton ne ya gaza ba: ko dai iska ba ta ratsa shi yadda ya kamata, ko kuma abin da ya ɗau zafin ba ruwa ba ne, baƙin mai ne.

A ƙiyasi, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin fetur ne ke zama motsi, kashi ɗaya ya fice ta salansa, sauran kuma ruwa da baƙin mai ne za su kwashe shi su miƙa wa iska. A kan titi, motar da ke tafiyar kilomita 120 a awa ba ta cin abin da ya wuce doki 30 zuwa 40 daga injinta, ko da injin na doki 330 ne. A filin tsere kuwa ana neman kusan dukkan ƙarfin a kai a kai, zafin da za a zubar sai ya ninka sau da yawa. Ga kuma yanayi. Lagireto yana aiki ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska. Ruwa mai digiri 95 a iskar Jamus mai digiri 20 yana da tazarar 75. Wannan motar idan ta zama 'yar Kwatano ta sauka Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, iska na digiri 42, tazarar ta koma 53. Kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin sanyayawa ya tafi ba tare da komai ya lalace ba.

Kafin a sayi komai

Allurar da ke gaban direba ba abin dogaro ba ce. A motoci da yawa an tsara ta ne ta zauna a tsakiya tun daga wajen digiri 80 har ta haura 100, kada ta tayar wa mai mota hankali. Ƙaramar na'urar OBD2, wadda ake soka wa mota ta karanto bayanan kwamfutarta zuwa waya, za ta nuna ainihin zafin ruwa da na iskar da inji ke shaƙa, a wasu motocin har da na baƙin mai. 370Z da 335i sun zo da ma'aunin zafin mai a gaban direba. Wadda ba ta da shi sai a sa mata.

Lokacin da zafin ke hawa shi ke tona asirin matsalar. Idan a cunkoso ne ko a tsaye, kuma da an hau titi sai ya sauka, laifin fanka ne ko mazauninta, wato rufin da ke kewaye da ita a bayan lagireto. Idan a gari lafiya lau, sai an daɗe ana gudu ruwa ke hawa, to iska ce ba ta isa ba ko lagireton ya yi kaɗan. Idan ruwa na zaune a 95 amma mai ya haura 130, babu lagireton ruwan da zai warware wannan kai tsaye. Idan kuma mota mai turbo ce, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, ruwa da mai duk daidai, amma bayan an take ta sau uku ko huɗu sai ta yi nauyi, iskar da take shaƙa ce ta yi zafi, kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, ta rage mata kaifi don kare fistin.

Sannan a tabbatar da cewa abin da kamfani ya sa yana aiki. A raba kondensar kwandishan da lagireto a duba tsakaninsu, nan ne ƙurar hunturu da leda da gashin tsuntsu ke taruwa su zama kamar bargo. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi, don injin wankin mota mai tsananin feshi yana kwantar da siraran haƙarƙarin lagireto. A gwada murfin lagireto, a fitar da iskar da ta maƙale a cikin ruwa. A 335i famfon ruwan na lantarki ne, kuma an san shi da mutuwa ba sallama. A Porsche Boxster da 911 daga samfurin 996 zuwa sama, lagiretocin suna kusurwoyin bambar gaba ne, ganye da yashi na cika lungunsu har su ruɓar da su, kuma ba a iya share su sosai sai an sauke bamba.

Hanyar iska: mafi arha, kuma wadda aka fi rainawa

Iska ba ta ratsa lagireto don kawai tana bugun gabansa. Tana ratsawa ne idan matsin da ke gaba ya fi na baya. Lagireto shinge ne, iska kuma malalaciya ce: duk inda ta ga kafa a gefe, a sama ko a ƙasa, nan za ta bi. Saboda haka aikin kashi biyu ne, a tilasta mata shiga, a kuma ba ta mafita.

Ɓangaren shiga bai da tsada. Soso mai jure zafi, falle na alminiyon mai kaurin milimita 1 ko roba mai tauri, da 'yan ƙusoshi. A toshe duk wata kafa tsakanin bakin bamba da fuskar lagireto, dama da hagu, sama da ƙasa, har da tazarar da ke tsakanin kondensa da lagireto. Robobin da kamfani ya sa a wurin, waɗanda ake yawan yarwa bayan gyaran haɗari ko canjin bamba, wannan aikin suke yi. Kuma ba a buƙatar ƙaton baki. Bakin da ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin fuskar lagireto ya wadatar a gudu mai yawa, muddin an yi masa bututu mai buɗewa a hankali zuwa ciki. Iskar na rage sauri a cikin bututun, matsinta na ƙaruwa, sai ta bazu a dukkan fuskar. Bambar kwalliya mai wagegen baki wadda ba a rufe gefunanta ba tana iya sanyayawa ƙasa da ta kamfani.

Ɓangaren fita ne mutane suka fi yin kuskure. Iskar da ta ratsa lagireto tana faɗawa ɗakin inji, wanda a motocin zamani a cike yake maƙil. Idan ba ta samu hanya ba, matsi na taruwa a bayan lagireto, sabuwar iska ta kasa shigowa. Abubuwa biyu da ake yi da sunan taimako suna ƙara ɓata lamarin. Na farko cire farantin roba na ƙarƙashin inji, wai don ya sha iska. A gudu, iskar ƙasa sai ta tunkuɗo sama ta cika ɗakin, matsin baya ya ƙaru. Na biyu ɗaga bayan bonet da wasu 'yan ƙarafa. Gindin gilashin gaba wuri ne mai matsi sosai, shi ya sa nan kamfanoni ke ɗebo iskar kwandishan. A tsaye zafi zai fita ta nan, amma da mota ta ɗau gudu iska shiga take yi, ba fita ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Mafita ita ce a yanka wa bonet taga, kuma inda take aiki shi ne sashen gaba na bonet, daidai bayan lagireto, inda iskar waje ke lanƙwasowa da sauri matsinta ya faɗi. Can Mitsubishi ta sa wa Lancer Evolution tata. Chevrolet ma a Corvette C7 ta 2014 ta karkata lagireton gaba, ta yi masa bututu zuwa tagar bonet, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na iskar ke ficewa ta sama. Ribar biyu ce: sanyi ya ƙaru, gaban mota kuma ya rage ɗagawa a gudu. Ɗan tudu a leɓen gaba na tagar, ko haƙora masu kallon baya, na ƙara jan iskar.

Kada a yanka bonet da ka. A samo siririn tiyo mai gani-har-hanji, a lanƙwasa shi kamar harafin U, a zuba ruwa mai launi zuwa rabi. A kai baki ɗaya ƙarƙashin bonet, ɗayan a manna shi a samansa daidai wurin, bakin yana kallon gefe ba gaba ba. Wani ya tuƙa a gudu ɗaya, wani ya karanta. A kilomita 100 a awa dukkan matsin da iska ke iya bayarwa bai wuce milimita 47 na ruwa ba, a 50 kuwa kusan 12 ne kawai, don haka bambancin milimita 10 ma babban abu ne. Inda matsin ciki ya fi na waje nisa, nan za a yanka. Da wannan tiyon za a iya auna gaba da bayan lagireto kafin toshe kafofi da bayansa, a ga ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Aibin taga shi ne ruwan sama da ƙura. Idan ta faɗo a kan altaneta ko koyil-koyil, sai an yi mata faranti mai malalar da ruwa gefe. Kuma abin da aka yanka ya yanku, mai niyyar sayar da mota gara ya nemi bonet na biyu.

Na'urar sanyaya baƙin mai

A motocin da injinsu ke juyawa sama da 6,000 na dogon lokaci, mai ne ke fara kai ƙara. 370Z ta farko, daga 2009, ita ce misalin da kowa ya sani: ta fito babu na'urar sanyaya mai, kuma idan zafinsa ya kai wajen digiri 138 birenbos na rage wa inji juyi. Sai a samfurin 2012 Nissan ta ƙara mata. Toyota 86 da Subaru BRZ na farko su ma babu ita suka fito, GR86 ta 2022 ce ta zo da tata. A irin waɗannan motocin wannan na'ura ita ce babbar sayayya ta farko, ba lagireto ba.

Zafin da ake so ga mai shi ne daga 95 zuwa 120. Mai na sintetik, wato haɗin kimiyya, mai kyau yana jure 130 na ɗan lokaci. Daga 140 ya tsinke, matsinsa ya ragu, metal, wato zobunan da sandar inji ke juyawa a kai, na cikin haɗari. Sanyi da yawa shi ma illa ne, don man da ba ya kaiwa kusa da 100 ba ya korar danshi da fetur ɗin da suka gauraya da shi.

Iri biyu ne. Akwai mai amfani da ruwan inji, ɗan ƙaramin tulu da ake sawa a gindin filtar mai. Babu dogon tiyon mai, babu abin da dutse zai fasa, kuma da safe yana ɗumama mai da wuri. Amma duk zafin da ya kwasa kan lagireto yake jibgewa, kuma ba zai taɓa sauko da mai ƙasa da zafin ruwa ba. Ga motar gari da ake ɗan takawa jefi-jefi ya isa. Ga wadda ruwanta ya riga ya kusa bakin iyaka a bazara, an gudu ne ba a tsira ba.

Na biyu shi ne mai amfani da iska, ƙaramin lagireto na kansa. Ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma shi ne ke buƙatar hannu mai kyau. Ana sa faranti tsakanin filta da jikin inji, kuma lallai ya kasance mai tamostat, wato ƙofar da zafi ke buɗewa da rufewa, da ke buɗewa a wajen digiri 80 zuwa 85. Tiyo ya zama mai faɗin da ake kira lamba 10AN. Ƙasa da haka yana shaƙe mai, matsi ya faɗi a babban juyi. Injin lita 2 mara turbo na'ura mai layi 16 zuwa 19 ta ishe shi, V6 da ake kai wa filin tsere kuwa yana son 25 zuwa 34. Za a ƙara mai kamar rabin lita zuwa lita ɗaya, kuma a cika na'urar kafin a tayar da inji. Bakunan tiyo su kalli sama ko gefe don kada iska ta maƙale, a ɗaure ta a kan roba saboda girgiza na tsaga alminiyon, tiyo kuma ya yi nesa da bututun hayaƙi da duk wani kaifi. Idan tiyon nan ya fashe a gudu, cikin 'yan daƙiƙoƙi inji ya zubar da mansa, a gaban tayoyi kuma. Kayan arha marasa suna a nan ba ragi ba ne.

Wurin da aka ɗora ta ma magana ce. A tsakiyar gaban lagireto tana samun iska mai kyau, amma tana tare wa ruwa hanya tana kuma aika masa iska mai zafi. Kusurwar bamba, inda fitilar hazo take, ta fi, da sharaɗin a yi mata bututu a kuma huda robar da ke gaban taya don iskar ta fice. Na'urar da aka rataye a bayan bamba babu mashiga babu mafita ado ce kawai.

Babban lagireto

Yana da amfaninsa. Na kamfani yawanci tankunansa na roba ne da aka matse a jikin alminiyon, kuma bayan shekara goma sukan tsage. Na alminiyon zalla ya fi jure matsi, ya fi ɗaukar ruwa. Sai dai kauri ba ya biya daidai da girmansa. Iskar da ta kai rabin baya na lagireto mai milimita 50 ta riga ta ɗumama a rabin gaba, kuma kaurin na ƙara tare ta. Ninka kauri ba ya ninka sanyi, ko kusa. A motar da iskarta ke zurarewa ta gefe, abin da ake samu sau da yawa jinkiri ne: da tana zafi a zagaye na huɗu, yanzu sai na shida, saboda ruwan ya fi yawa. Faɗin fuska ya fi kauri amfani, in akwai wuri. A kuma duba tazarar da ta rage tsakanin fanka da inji, da ko mazaunin fankar kamfani zai zauna, domin siraran fankokin da ake haɗawa da lagireton kasuwa da yawansu ba su kai ta kamfani ja ba.

Lokacin da ya cancanta shi ne idan an toshe kafofi, an ba iska mafita, ruwa kuma bai daina haura 105 zuwa 110 ba, ko idan an ƙara wa inji ƙarfi da turbo ko sufacaja, wadda ita ma iska take tura wa inji. Corvette Z06 ta 2015 mai doki 650 ta sha ƙorafin zafi a filin tsere, da Chevrolet ta zo fitar da ZR1 ta 2019 kuwa sai ta sake fasalin gaban motar gaba ɗaya, na'urorin sanyayawa suka kai 13. Ba lagireto ɗaya ta kumbura ba.

Ƙananan abubuwa masu ruɗi

Murfin lagireto mai matsin bar 1.3 (bar ma'aunin matsi ne) a madadin 1.1 ba ya rage zafi ko digiri ɗaya. Yana ɗaga inda ruwa zai tafasa ne da kamar digiri 3 zuwa 4, yana kuma ƙara wa tsofaffin tiyo da tankin roba nauyi. Cire tamostat, wanda ya zama al'ada a garejojinmu, ba ya ƙara wa lagireto ƙarfi. Inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa, kuma a injina da yawa tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, in babu shi wani kaso na ruwan ba zai ma je lagireto ba. Mai buɗewa da wuri, a 70 misali, jinkiri kawai yake sayo maka.

Ruwan kansa yana da tasiri na gaske. Zallan ruwa ya fi haɗin rabin ruwa rabin kulant (sinadarin da ake zuba wa lagireto) ɗaukar zafi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Inda ba a ƙanƙara ana iya saukowa zuwa kashi ɗaya na kulant cikin uku, amma kada a yi ƙasa da haka saboda tsatsa da lafiyar famfo. Ruwan rijiya da na burtsatse na barin gishiri a cikin bututu. A nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, a kuma tabbatar ba mai asid ɗin aka miƙo ba.

Masu turbo

Turbo da ke tura matsin bar 1 yana ɗaga iska mai digiri 40 zuwa kusan 140, intakula mai kyau, wato na'urar sanyaya wannan iskar, ta sauko da ita wajen 70. Subaru WRX STI ta ɗora tata a kan inji, tana shan iska ta hancin bonet: bututu gajere, totur na amsawa nan take, lagireto a buɗe, amma a tsaye tana gasuwa da zafin inji, shi ya sa wasu samfuran suka zo da mafeshin ruwa. Evolution ta sa tata a gaba, inda ta fi samun sanyi amma ta tsaya wa lagireto a gaba. Duk wanda ya mayar da intakula gaba ko ya sa mai kauri, ya sa ran zafin ruwa zai ƙaru, kuma tagar bonet ta zama kusan dole.

To wanne?

Motar gari da ke zafi a cunkoso da kwandishan a kunne: fanka, mazauninta, rilenta da wankin tsakanin kondensa, babu buƙatar sayen komai na tsere. Motar da ake kai wa fili, mara turbo: a fara da soso da alminiyon na kwana ɗaya, a mayar da farantin ƙasa, sannan na'urar sanyaya mai ta iska, lagireto ya jira abin da ma'auni zai faɗa. Mai turbo da aka ƙara wa ƙarfi: duk ukun za ta nema, amma mafitar iska ce farko, in ba haka ba ana ta jera shinge ne a gaban ɗakin da ba shi da ƙofar fita.

Masu wasan zamiya da mota su nasu daban ne. Inji na kuka a juyi 6,000, mota na tafiyar kilomita 50 zuwa 60, kuma a karkace, iska na bugun ƙofa maimakon hanci. Bututu da taga ba sa samun matsin da za su yi aiki da shi, saboda haka fanka mai ƙarfi da mazauni rufaffe da yawan ruwa su ne kan gaba, kuma a nan lagireto mai kauri na biyan kuɗinsa. Man sitiyari ma na tafasa, yana son ƙaramar na'urarsa. Bayan kowane zagaye a yi tafiyar minti biyu zuwa uku a hankali kafin a kashe inji, domin da famfo ya tsaya ruwan da ke kan silinda na iya tafasa a wurin, allura ta haura bayan an riga an zare makulli.